Garanti na hannuna, injin ya mutu a kaina

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direba ne. Ya yi fiye da shekara 30 yana tuƙa motocin mutane, bai taɓa mallakar tasa ba. Duk motar da aka damƙa masa, abin da yake fara sakawa a aljihunta na gaba shi ne wani ɗan littafi mai baƙin bango, da biro ɗaure a jikinsa da zare. In an yi juyen mai sai ya zauna a kujerarsa, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa, ya rubuta kwanan wata da kilomita da irin man da aka zuba, ya ninke rasit ya cusa a tsakiyar shafi. Wata rana, ina ɗan shekara 12 ko 13, na ce masa, "Baba, motar nan fa ba taka ba ce, mene ne na wahalar da kai haka?" Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Ai shi ya sa. Ran da ta lalace ni za a tambaya, kuma rantsuwa ba ta tashin inji." Na yi dariya na wuce abina. Sai bayan shekara 20 da wani abu maganar nan ta dawo mini, lokacin Baba ba ya nan balle in je in ce masa ya yi gaskiya.

Shekara 6 na yi ina tari kafin in sayi mota. Ba don ado na saye ta ba. Wurin aikina da nisa, ga Umma ta fara ciwon da sai an kai ta asibiti sau biyu a mako, kuma ganin ta tsaye a bakin hanya tana jiran abin hawa, jikinta na rawa, ya fi komai ci mini rai. Da kuɗin suka kai sai na shiga neman ta hannu, tunda sabuwa ta fi ƙarfina.

Wadda na samu shekararta 3 da 'yan watanni, ta yi kilomita 58,000, mai shan fetur, ƙaramin inji da turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi. Abin da ya fi jan hankalina ba fentinta ba ne, takardunta ne. Garantin kamfanin da ya ƙera ta a kan inji da giya na shekara 5 ne ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, kuma yana bin motar zuwa hannun mai ita na biyu. Ban da wannan, mai sayarwar ya tallata mini wata yarjejeniya ta daban, ta shekara 2, wadda ya ce za ta ɗauki nauyin wuta da na'urar sanyaya ciki da sauran tarkace. Na ƙara kuɗi na saya. Na fito ina ce wa kaina yau ni da faɗuwar gaba mun raba hanya, rufi biyu ne a kaina.

Na buɗe littafin sabis ɗin a gaban mai sayarwar, wannan ba zan ɓoye ba. Akwai hatimi a kilomita 10,000, akwai a 20,000, daga nan shafuka farare fes har zuwa 51,000. Na gani da idona. Na tambaye shi, ya ce, "Yallaɓai, ka san halin mutane, da mota ta ɗan kwana biyu sai su koma wajen makanikensu. Ka ji ƙarar injin nan kuwa? Wannan ta sha kulawa." Na saurara, injin yana ta kiɗinsa lafiya lau. Muka fita gwaji, na taka totur kaɗan, motar ta zabura kamar an tsikari doki. Na taɓa tuƙa irinta ta wani abokin aikina, ba ta da wannan zafin. Maimakon in tsaya in tambayi dalili, sai daɗi ya kama ni, na ce lallai na yi dace. Abin da ya kamata ya tsorata ni, shi ya sa na sa hannu.

Wata 9 na more ta. A cikin watannin nan ni ma na yi nawa. Na cire wilin da ta zo da su na sa manya masu ƙyalli da tayoyi masu faɗi, don ina ganin sun fi yi mata kyau. Na sa wani mai aikin wuta ya haɗa mini ƙararrawar ɓarayi mai tayar da inji daga nesa. Juyen mai kuwa a garejin wani abokina nake yi, mutumin kirki mai hannu, amma tsakaninmu ba rasit, sai "Allah ya saka da alheri" da musabaha. Sau ɗaya na sayi man da kaina a kanti, aka ba ni rasit irin na takardar nan mai santsi da inji ke bugawa da zafi, na jefa a aljihun mota. Akwai kuma lokacin da jikin Umma ya tsananta muka yi makonni muna zarya, na wuce lokacin juye da kusan kilomita 4,000. Na san na wuce. Na ce ai mai ne, ba zai ƙone a rana ɗaya ba.

Daren da abin ya faru muna dawowa daga asibiti, Umma na kwance a kujerar baya. A kan wani hawa na fito zan wuce babbar mota, na taka sosai. Sai na ji wani abu ya yi ƙas a gaba, ƙarfin motar ya zube, ta kama kakkarwa, fitilar inji ta fara ƙiftawa a gabana. A madubi na hango hayaƙi yana bin mu. Wurin duhu ne, ba gida ba kowa. Na dubi Umma, na dubi fitilar, na yanke shawarar lallaɓawa har inda zan ga haske. Kilomita 6 na ƙara. Ko yau aka mayar da ni daren nan, da mara lafiya a baya, ban san ko zan yi wani abu daban ba. Amma littafin motar ya faɗa ƙarara cewa in fitilar nan tana ƙiftawa, ba kunnuwa kawai ta yi ba, a rage gudu a nemi wurin tsayawa, don injin yana ɓarin wuta. Kilomita 6 ɗin nan ma sai da aka lissafa mini su daga baya.

Washegari janwe ya kai ta garejin da kamfanin ya amince da shi. Na shiga da ƙwarin gwiwa, takardun garanti a hannu, har ina tambayar ko suna ba da motar aro kafin a gama. Matashin da ke karɓar motoci ya nemi abu uku: littafin sabis, rasit na duk juyen da ba a yi a wajensu ba, da sa hannuna a wata takarda. Takardar tana cewa na yarda a kwance injin don a gano musabbabi, kuma in kamfani ya ƙi biya, kuɗin kwancewar a wuyana yake. Na sa hannu ban ko zauna ba. Na koma mota na lalubo rasit ɗina guda ɗaya tilo. Zafin cikin mota ya cinye rubutun, ta zama farar takarda, sai inuwar wasu lambobi da ba mai iya karantawa.

Kwana 10 ana jira. Kamfani ya turo mai bincikensa, ya ɗauki hotuna, ya jona kwamfutarsa a jikin motar, ya tafi bai ce da ni uffan ba. Sannan wasiƙa ta zo. Shafi ɗaya ce. An ƙi biya, bisa dalili uku: babu shaidar an kula da motar yadda aka tsara, an sauya manhajar kwamfutar injin da wadda ba ta kamfani ba, kuma an ci gaba da tuƙi bayan gargaɗi.

Na farko da na uku na gane su. Na biyun ne ya sa na karanta wasiƙar sau huɗu. Wace manhaja? Ni ko murfin kwamfutar ban san inda yake ba.

Wani dattijon makanike a garejin, wanda na lura tun ranar farko yana kallona da tausayi, shi ya ja ni gefe ya kai ni inda aka baje kayan injin a kan tebur. Ya ɗauko fistin na uku ya miƙo mini. Gefensa, wajen da ringi ke zama, ya tsage, wani ɓangare ya ɓalle. Ya ce, "Ɗana, wannan ba tsufa ba ne, duka ne." Ya yi mini bayani a hankali. Kwamfutar inji ita ke ƙayyade yawan iskar da turbo zai tura, da yawan fetur, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Kamfani yakan bar rata, ba ya matse injin har ƙarshen ƙarfinsa, saboda zafi da man da ba shi da kyau da direban da ba ya tausayi. Masu son gudu sai su kai mota a goge wannan tsarin a zuba wani, a cinye ratar. Mota ta ƙara zafi, amma matsi da zafin da ke cikin silinda su ma sun ƙaru. In aka yi rashin sa'a fetur ya riƙa fashewa ba a kan ƙa'ida ba, kamar ana dukan kan fistin da guduma ne, yau da gobe sai ya tsage. Na ce, "To, Baba, ta yaya suka sani?" Ya ce tun da aka wajabta ramin jona kwamfuta a jikin motoci, a Amurka daga 1996, a Turai daga 2001 ga masu fetur, mota ta daina riƙe sirri. Manhajar da ke ciki tana da lambar tantancewa, in ba ta yi daidai da ta kamfani ba an gane. Motoci da yawa ma suna ƙirga sau nawa aka taɓa rubuta wa kwamfutarsu sabon abu, don haka ko an mayar da ta asali kafin a kawo gyara, sau da yawa sawun yana nan.

Daga nan ya ɗaga murfin saman injin ya juya mini cikinsa. Wani baƙin abu ne mai kauri, kamar kwalta, ya lulluɓe ko'ina. Ya ce wannan shi ne man da ya daɗe ba a juye ba, zafi ya dafa shi har ya daskare. Yana toshe ƙananan hanyoyin da mai ke bi, kuma wanda ya fi shan wahala shi ne turbo, da ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya a kan ɗan siririn mai. Ya girgiza sandar turbo ɗin da yatsa, tana lilo. Ya ce, "Wannan dattin ba na wata tara ba ne, ya girme ka a motar. Amma mai bincike ba ruwansa da wanda ya tara shi. Mota yake bincike, ba mutum ba."

Maganar nan ita ce ta tsaya mini a wuya. Duk tunanina garanti alkawari ne tsakanina da kamfani, in ban yi laifi ba ba za a kama ni ba. Ashe alkawarin a jikin motar yake, yana tafe da sharuɗɗansa tun ranar da ta bar kamfani, kuma duk wanda ya karya sharaɗi a hanya, na ƙarshe da ya riƙe makulli shi ke biya. Na sayi ragowar garanti, na haɗa da ragowar laifin wani.

Kwana huɗu ban gaya wa matata ba. Kullum ta tambaya sai in ce ana kai. Da dare in kwanta ina lissafi: kuɗin wani injin ya kusa rabin abin da na sayi motar, ga kuɗin kwancewa da na sa wa hannu, ga hayar motar kai Umma asibiti da ta dawo sabuwa. Abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne, kunya ce. Ni da na yi ta yi wa 'yan'uwa burgar na sayi mota mai garanti biyu. A rana ta biyar ta same ni zaune da wasiƙar, ta karɓa ta karanta, ta ce, "Maigida, ita ɗaya takardar da ka ƙara wa kuɗi fa, ka karanta ta?" Ban karanta ba. Wata 9 tana cikin jaka.

Muka zauna muka karanta tare, shafi 14, da ƙananan haruffa. A nan na gane cewa abin da mai sayarwa ya kira garanti na biyu ba garantin kamfani ba ne, kwangilar gyara ce da wani kamfani na daban, ta fi kama da inshora. Jerin abin da ba ta biya ya fi jerin abin da take biya tsawo. Ba ta biyan matsalar da ta riga ranar saye. Ba ta biyan abin da ke cinyewa da amfani, irin su birki da kulochi da taya. Ba ta biyan ɓarnar da wani abin da ba ya cikin jerin ya jawo. Ba ta biyan motar da aka yi haya da ita. Dole a kira su a sami izini kafin a taɓa ko da ƙusa ɗaya. Dole a nuna rasit mai ɗauke da kwanan wata da kilomita da lambar mota. Sai wani layi da ya ce ba ruwansu da duk lalacewar da ta samo asali daga sauya motar daga yadda kamfani ya ƙera ta. Na kira su duk da haka. Suka nemi rahoton garejin, suka gani, suka ce ba inji kaɗai ba, sun rufe fayil ɗina gaba ɗaya, har da wasu ƙananan matsaloli uku da na haɗa a ciki: na'urar sanyi da ta daina aiki, boris ɗin ƙafar gaba da ke kuka, da batir da ke mutuwa in mota ta kwana biyu a ajiye.

Na je wajen mai sayarwa da zafina. Ya ba ni kujera, ya saurare ni har na gama, ya ce shi bai san da wata manhaja ba, yadda aka kawo masa haka ya sayar, kuma ai na ga littafin sabis da idona kafin in biya. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, ita ta sa na fito ba tare da na ƙara ɗaga murya ba.

Fushin ne ya mayar da ni ɗalibi. Na yi makonni ina karatu da dare. Abu mafi amfani da na koya shi ne cewa kalmar nan da ake yawan faɗa, wai "garantinka ya mutu" don ka taɓa wani abu, yawanci ba haka take ba. A Amurka akwai dokar Magnuson-Moss ta 1975, wadda ta hana mai ba da garanti tilasta wa mutum amfani da kayan gyaransa ko garejinsa kaɗai, sai in kyauta yake bayarwa, kuma a ƙarƙashinta in zai ƙi biya saboda wani abin da aka ƙara wa mota, sai ya nuna cewa abin ne ya jawo lalacewar. A Tarayyar Turai ma, ƙa'idojin gasar kasuwancin motoci na 2010 sun ba mai mota damar yin sabis a gareji mai zaman kansa ba tare da ya rasa garanti ba, muddin an bi tsarin kamfani da kayan da suka dace. Kowace ƙasa da dokarta, kuma kwangilar da aka saya daban tana tafiya ne da abin da aka rubuta a cikinta. Amma hujjar da ke ƙarƙashin dokokin nan kowa zai iya ɗauka ya yi magana da ita: a nuna mini igiyar da ta haɗa abin da aka sauya da abin da ya lalace. Na koma kan layin nan na shafi 14 na ga ai su ma abin da suka rubuta ke nan, lalacewar da ta samo asali daga sauyi. Ba su ce duk motar ba.

Na rubuta musu, a natse wannan karon, na ce su yi mini bayani a rubuce yadda manhajar inji ta kashe na'urar sanyi. Ba su da amsa, suka biya wannan. Boris kuwa suka ce manyan wilin da na sa sun sauya yadda nauyi ke sauka a kansa, dattijon makaniken ya tabbatar mini hakan na faruwa, na haƙura. Batir kuma da aka bi waya aka tarar ƙararrawar da na sa ce ke hana kwamfutocin motar yin barci, tana tsotsar wuta dare da rana. Biyu daga cikin ukun aikin hannuna ne. Na so in ɗora wa tsohon mai motar komai, takarda ta hana ni.

Saura inji. Na ce in na cike giɓin nan na kilomita 31,000 a littafin sabis, aƙalla dalili ɗaya ya faɗi. A jikin ginshiƙin ƙofar direba na ga wata 'yar takardar manne da ta koɗe, da sunan wani gareji. Na neme su, na ba su lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba. Sai ga motar a kwamfutarsu. An yi mata juye sau ɗaya a wajensu, a kilomita 37,000. Na yi murna har na ga layi na gaba. Littafin motar ya ce a zuba mai 5W-30 mai cika wani mizani na musamman. Abin da aka zuba 20W-50 ne, mai kauri, wanda mai motar ya kawo da kansa. Wato ta yi kilomita 17,000 da mai ɗaya, sannan aka zuba mata wanda ba nata ba ta ƙara 14,000.

Na zauna a mota ta haya da takardar a cinyata. Na sha wahalar nemanta don ta cece ni, ga shi ta zama shaida a kaina. Ba wanda ya san na same ta. Zan iya yaga ta. Wani ma ya ba ni shawara, da kyakkyawar niyya a ganinsa, cewa akwai masu buga hatimi a cike shafukan nan a rana ɗaya. Ba zan ce zuciyata ba ta leƙa wajen ba. Abin da ya tsayar da ni, ban da tsoron Allah, shi ne baƙin dattin da na gani da idona a murfin injin. Hatimi goma ba za su wanke shi ba, kuma ranar da aka gane, daga mai neman haƙƙi na koma mai zamba.

Sai na juya takardar ta wata fuska. In ba ta yi mini amfani a wajen kamfani ba, za ta yi a wajen mai sayarwa. Na biya wani injiniya mai zaman kansa ya duba kayan injin da kwamfutar ya rubuta rahoto. Ya tabbatar da cewa dattin ya daɗe, kuma sauyin manhajar ya riga ranar da na saya. Ta hannun garejin na sami magana da tsohon mai motar. Bai yi musu ba. Ya ce shi ya sa aka yi, kuma ya gaya wa wanda ya karɓi motar a hannunsa. Shi kuma wancan ya rantse ba a gaya masa ba. Har yau ban san mai gaskiya a cikinsu ba, kuma ba wanda ya rubuta komai. Da na ajiye rahoton a teburin mai sayarwa na ce ya tallata mini motar da garantin da tun kafin in zo ya riga ya raunana, sai muryarsa ta sauya. Bayan zama uku ya yarda ya ɗauki kuɗin aikin sauya injin da na kwancewa, ba tare da ya amsa laifi ba. Kamfanin da ya ƙera motar kuwa bai motsa daga matsayinsa ba, kuma da na huce na ga ba su zalunce ni ba. Abu ɗaya suka yi mini kyauta: akwai wani gyara na kiranye da aka sanar a kan samfurin, wato kamfani ya kira motocin a dawo da su a gyara wani lahani, suka yi shi ba tare da tambayar rasit ba, don kiranye saboda haɗari ba ruwansa da garanti.

Kuɗin injin kansa ni na biya, da bashin da na ci a wurin aiki da taimakon Yayana. Wata 14 ana yanka a albashina. Motar ta yi wata 3 a gareji. Na sa aka mayar da manhajar kamfani, aka cire ƙararrawar, na nemo wili irin na asali. Ranar da na karɓo ta na taka totur, sai na ji ta yi sanyi, ba wannan zaburar. Na ɗan ji ba daɗi, sannan na tuna ashe haka kamfani ya ƙera motar tun farko.

A cikin watannin nan ne, muna zaune a layin asibiti, na ba Umma labarin duka, har da maganar hatimi. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ka san dalilin littafin babanku?" Na ce a'a. Ta ce tun kafin a haife ni wani inji ya taɓa bugawa a hannunsa, maigidan ya ce sakacinsa ne, ya kore shi ba sallama, alhali shi ya yi ta roƙon a ba da kuɗin juye ana ce masa gobe. Wata 7 ya yi ba aiki. Tun daga nan ya sayi littafi. Bai taɓa gaya mana ba.

Na riƙe motar shekara 3 bayan haka. Kowane juye da rasit mai kwanan wata, kilomita, lambar mota da irin mai, kuma ina ɗaukar hotonsa da waya tun kafin in bar wurin, don na ga yadda zafi ke cin takarda. Abokina makanike da farko ya ji haushi da na ce ya rubuta mini, yana ganin kamar na daina yarda da shi. Yanzu har littafin rasit ya buga.

Bara na sa ta a kasuwa. Na haɗa fayil: wasiƙar ƙin biya, rahoton injiniya, takardar 20W-50, rasit ɗin sabon inji, da duk na bayansa. Matata ta ce, "Wannan fayil ɗin zai kore maka masu saye." Ya kuwa kore. Na farko yana ganin kalmar sauya inji ya miƙo mini makulli ya tafi. Na biyu ya yi amfani da shi ya karya farashi har na ji zafi, muka rabu. Na uku wata mata ce da ta zo da ƙaninta. Shi yana ta zagaya mota yana ƙwanƙwasa fenti yana cewa a tayar ya ji ƙara, ita kuwa ta zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe, tana bin takardun ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta kai wajen fararen shafukan ta tsaya.

Ta ce, "Malam, daga 20,000 zuwa 51,000 me ya faru?"

Na ce, "Hajiya, juya shafi na gaba, yana nan a rubuce. In kin gama zan ba ki sauran labarin."